Arlo Ya Sa Tsartau Azumi

A garinmu Dunlow abu biyu ne ba sa gajiya da feshi: Tsartau, da bakin Arlo Tingey. Shi Tsartau aƙalla ana iya rufe shi.

Kakanninmu ne suka jawo mana shi. Sun kafa injin haƙa a bayan kantin magani suna neman ruwan zafi, wai za su gina gidan wanka baƙi su riƙa zuwa daga ko'ina a jiharmu ta Idaho. Da suka kai ƙafa ɗari uku sai ƙasa ta yi gyatsa, ruwa ya yi tsiri sama ƙafa saba'in, sanyi ƙalau, ja-ja, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba ya wankuwa, ba ya shayuwa, ko saniya ta sunsuna sai ta juyo ta harari mai ita. Wata guda suka yi suna tafiya cikin taɓo kafin su danne shi da bututu, suka sa masa kan famfo mai sitiyarin ƙarfe, suka kewaye shi da 'yar rumfar katako, bakin bututun ya leƙo ta rufi. Sai wani mai wayo ya ce tun da an riga an yi ɓarna, a mai da ita abin kallo. Tun daga ranar ake murɗa sitiyarin nan sau ɗaya kowace awa, daga safe zuwa faɗuwar rana. Ruwa ya tashi minti biyar, matafiya su tsaya su ɗauki hoto, su sha mai, su ci burodi da nama, su kama gabansu.

Mabuɗin rumfar bai taɓa barin gidan Tingey ba. Uban Arlo ya riƙe shi shekara talatin da ɗaya, Arlo ya gada, ya yi ashirin da biyu. A ɗamara yake rataye shi da sarƙa, ya je coci da shi, ya je jana'iza da shi, in zai ci abinci ya kwance ya ajiye kusa da cokali sai ka ce shi ma za a zuba masa. Arlo ba gona, ba kanti, 'ya'ya duk sun watse birni. In ka cire mabuɗin nan daga ƙugunsa, abin da ya rage tsoho ne mai tumbi da malafa, shi ma kuma ya san haka.

Aibinsa ɗaya ne, bai san lokaci ba. Baƙi za su taru ƙarfe biyu, ya tsaya yana ba su labarin ranar da ya toshe Tsartau da tafin hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cin tuffa. Sai biyu da rabi ta gota ya tuna bai buɗe ba.

Shekarar da aka buɗe sabuwar babbar hanya mil huɗu arewa da gari, motoci suka daina bi ta cikinmu. Magajiyar gari, Lorna Kunz, mace ce mai gajeren zance da dogon tunani. Ta rubuta wa ofishin hanyoyi tana roƙon a kafa mana allo a mararraba, mai sunan Tsartau da kibiya. Suka ce za su turo mutum ya gani da idonsa, Asabar ta sama. Ran Alhamis sai ta tara majalisar gari a ɗakin 'yan kwana-kwana, ta ce ta ga wata na'ura mai agogo a littafin talla, da kanta take buɗe famfo a kan awa, ba ta latti, ba ta ba da labari.

Arlo ya miƙe, sarƙa na kacau-kacau. "Lorna, agogo za ki ba Tsartau? Agogo ya san fushinsa? Ya san ranar da ya tashi da ciwon kai?"

"Ya san ƙarfe biyu," in ji ta.

Harlan mai aski, wanda suka yi aji ɗaya da Arlo kuma tun lokacin bai bar shi ya sarara ba, ya ce daga kujerar baya, "Shekaranjiya wasu suka zo da jariri a hannu. Kafin ka buɗe, yaron ya fara rarrafe."

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Arlo suka yi ja. Ya ce, "Ku yi ta yi. Ƙafa saba'in kuke gani kuna tafi, don ban taɓa sake masa linzami ba. Ranar da baƙon nan zai zo, zan ɗaga Tsartau ya wuce rumbun hatsi."

Rumbun hatsin garinmu ƙafa ɗari da arba'in ne, daga mil goma ake hango shi. Lorna ta rufe littafin talla a hankali. "In bai wuce ba fa?"

"A gaban kowa zan kwance mabuɗin nan in sa miki a hannu. In kuwa ya wuce, kada in ƙara jin kalmar agogo har a kai ni maƙabarta."

"Na yarda. Harlan, kai ne shaida."

"Ni da almakashina," in ji Harlan.

Da Arlo ya koma gida ya tarar da matarsa Nelda tana ferayar dankali. Ya ja kujera, ya ajiye mabuɗi a kan tebur, ya rage murya kamar mai tsoron kada agogon bango ya kai rahoto.

"Azumi zan sa shi. Kwana tara ba buɗewa. Doki in kin kulle shi kwana tara kika sake shi, me zai yi?"

"Ya harbe ka."

"Gudu zai yi, Nelda. Ƙarfin da yake zubarwa sau goma sha biyu a rana, ki tara na kwana tara wuri ɗaya. Ba rumbu ba, jiragen sama ma sai an gaya musu su kauce."

"Ni dai abin da na sani, babanka ko ranar da ƙanƙara ta rufe gari, ba baƙo ko ɗaya, sai ya ɗauki shebur ya haƙa hanya ya je ya murɗa abin nan. Ranar aurenmu ma ana tsakiyar wa'azi ya fita. Ka taɓa tambayarsa dalili?"

"Tsoho ne mai son a gan shi yana aiki, Allah ya ji ƙansa. Ilimin zamani bai riske shi ba."

Nelda ta dube shi, ta dubi dankalin da ke hannunta, ta ga dankalin ya fi alamar zai ji magana. Ta ci gaba da fera.

Ran Juma'a Arlo ya ɗaure sitiyari tamau, ya kulle rumfa, ya zauna a benci yana gadi. Wajen azahar wata mota ta tsaya, miji da mata 'yan jihar Nebraska suka fito, matar da kyamara a wuya.

"Malam, ƙarfe nawa yake tashi?" in ji mijin. "Mil sittin muka karkato dominsa."

"Yana hutu. Amma kun taki sa'a, na fi shi iya nuna yadda yake yi. Ku zauna."

Suka zauna. Arlo ya tsuguna a gabansu ya fara huci ta haƙora. Ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan, hannuwa sama, yatsu na rawa, har ya tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa yana fito, yawu na tashi. Minti biyar cur ya yi, don ya ce ba ya tauye wa baƙo haƙƙinsa. Matar ta ɗauke shi hoto biyu. Mijin ya tsallaka titi ya tambayi Harlan a ɓoye ko akwai mai kula da tsohon nan.

"Akwai, amma ta gaji," in ji Harlan. "Ku dawo ƙarfe uku, yana sake yi."

Ran Lahadi abin ya fara. Ana tsakiyar addu'ar shiru a coci, kowa ya sunkuyar da kai, sai aka ji wani dogon nishi daga ɗakin ƙasa, wajen ban-ɗaki. Mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci da ake takawa, ta ɗaga ƙafafunta daga kan abin takawa ta rantse ba ita ba ce. Nishin ya sake zuwa, wannan karon da ɗan fito a ƙarshe. Mai wa'azi ya buɗe ido ɗaya ya nemo Arlo a cikin jama'a. Arlo kuwa ya runtse nasa gam, bai taɓa yin addu'a da himma irin ta ranar ba.

Ran Talata Harlan ya shafa wa wani manomi kumfa a fuska, ya ɗauko aska, sai magudanar da ke ƙarƙashin kujera ta yi gyatsa. Iskar ta ɗauke kumfar gaba ɗaya ta manna a madubi, jan ruwa ya biyo baya yana ɓulɓul. Harlan ya fito da aska a hannu, takalmansa na tsiyaya.

"Arlo, ruwanka ya shigo mini shago."

"Nawa yana kulle. Ga mabuɗi."

"To na wane ne wannan, mai warin ƙwai?"

"Ka tambayi kakanka da ya gina shago a kan rami. Ni ban aiki kowa wurinka ba."

Ran Laraba maƙabarta ta ɗauka. Shinge ɗaya ne ya raba ta da rumfar Tsartau, kuma duk ramin gafiyar da ke cikinta ya kama fito, kowane da irin muryarsa. Tsohuwa Verda ta je kai wa kabarin mijinta furanni, ta dawo da furanninta a hannu, ta tsaya a kan Arlo tana dogara sanda.

"Ɗan Tingey, shekara hamsin ina fama da minsharin mijina Boyd. Shekara uku kacal na samu ina barci kamar mutum. Yanzu ka je ka tashe shi."

"Inna Verda, alamar ƙarfi ce. Ki yi haƙuri zuwa Asabar."

"In ya fito, gidanka zan turo shi ya kwana."

Ran Alhamis Lorna da kanta ta zo, ta ce ya buɗe ko na minti ɗaya ne, gari ya zama tukunyar da aka manta a wuta. Arlo ya ce mabuɗi nasa ne har Asabar, da bakinta ta yarda. Ya shigar da ita rumfa ya kara kunne a jikin bututu. "Kin ji? Tsit. Da can rawa yake yi dare da rana, yanzu ko motsi. Fushi yake tarawa."

Ya faɗi haka da fara'a, amma da ta tafi ya sake kara kunnen, ya daɗe. Tun yana yaro bai taɓa jin bututun nan ya yi shiru ba. Sai ya gaya wa kansa yunwa ce ta toshe masa kunne, ya tafi gida.

Asabar ta zo da rana tarwai. Duk garin ya fito, har da mutanen gonaki na nesa. An jera tebura a bakin titi da gasasshen dankali da naman kaza da kek, 'yan kwana-kwana sun fito da kayan badujalarsu suna busa abin da suke kira waƙa. Baƙon ofishin hanyoyi, Mista Sorensen, ya iso da sha ɗaya da rabi, siririn mutum mai tabarau da ɗan littafi. Ya ajiye koriyar motarsa a ƙofar shagon Harlan, ya bar gilashi a sauke saboda zafi. An tsayar da Harlan a tsakiyar titi, inda zai ga rumfa da kan rumbu a lokaci ɗaya.

Arlo ya fito da farar riga da sabuwar malafa. Ya hau benci ya yi jawabi. Ya ce yau za a rubuta sunan Dunlow a littattafan makaranta. Ya shawarci masu ciwon wuya su kwanta rigingine tun yanzu. Ya ce wa Mista Sorensen allo ɗaya ba zai isa ba, ya shirya guda uku. Da sha biyu ta buga, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu ya shiga rumfa a kan lokaci, ya ja ƙofa.

Ya tofa yawu a hannu ya kama sitiyari. Ko gezau. Ya sa kafaɗa, ya sa gwiwa, ya rataya a jiki har ƙafafunsa suka bar ƙasa, bayansa ya yi ƙara. Sai ya sunkuya ya duba. Jan dutsen nan da ruwan Tsartau ke bari a duk abin da ya taɓa ya tsiro a wuyan sitiyarin, ya cike zaren ƙarfen kaf, ya daskare kamar ƙanzon tukunyar da ta kwana uku. Murɗawar kowace awa ita ke karya shi tun yana ɓawo. A nan Arlo ya gane abin da ke fitar da ubansa da shebur cikin ƙanƙara, ya ji kunyar mamacin ta kama shi fiye da ta masu rai da ke waje.

Ya leƙo da kai ta ƙofa. "Yana kintsawa. A ƙara waƙa ɗaya."

Badujala ta sake ɗauka. Mista Sorensen ya dubi agogon hannunsa ya ce wa Lorna, "Ranki ya daɗe, kullum haka yake makara?"

"Yau ma ya yi sauri," in ji ta.

Nelda ta ajiye cokalin rabon abinci ta shiga rumfa ta rufo. "Ya daskare ko?"

"Bai daskare ba. Tunani yake."

"Ruwan khal, ruwan tsamin nan na girki, shi ke cin dutsen nan. Da shi nake wanke butar shayi in ta yi ɓawo."

Arlo ya fito ya hau benci, ya ɗaga hannu. "Jama'a, akwai wani sirri na gidanmu da ban taɓa faɗa ba. Kafin babban tashi, sai an buɗe masa baki da tsami. Duk mai ruwan khal a gida ta kawo."

Ba a Dunlow za ka yi wannan roƙon ka rasa ba. Ba gidan da ba shi da ɗakin ƙasa cike da kwalaben kokwamba jiƙe a ruwan khal, tanadin shekara guda, don iyayenmu sun koya mana duniya na iya tashi kowane lokaci kuma bai kamata ta same mu ba kokwamba ba. Kafin minti goma mata sun yi layi da kwalabe a hammata. Ba wadda ta tsaya tacewa, haka aka riƙa juyewa a kan sitiyari har da kokwambar. Nan take abin ya koma gasa.

"Ku matsa a zuba nawa, na Verda ruwa ne zalla."

"Ruwa? Nawa ne ya cire wa mijinki haƙori bara."

"Haƙorin dama yana girgiɗi."

Dutse ya kama tafasa yana kumfa, warin ƙwai ya haɗu da warin tsami, masu busa suka fara tari a cikin kakakinsu. Kokwamba ta taru a gindin bututu har gwiwa. Mista Sorensen ya toshe hanci da hankici ya tambaya ko kowace awa ake wannan hidimar, don in haka ne sai an rubuta a jikin allon. Arlo, idanu na zubar da hawaye, ya sake kama sitiyari. Ya motsa faɗin yatsa ɗaya ya tsaya. Ya ɗauko guduma ya maka masa iya ƙarfinsa, kan gudumar ya fice ta taga ya faɗa cikin babbar gangar 'yan badujala, waƙa ta ƙare a nan.

Ƙarfe ɗaya saura kwata. Daga waje Harlan ya ɗaga murya, "Arlo, wuyana ya ƙage. In sauke kai ko in ci gaba da kallon tantabaru?"

Nelda ta riƙe hannun mijinta. "Fita ka ce musu ka yi kuskure. A kira mai gyara daga birni, Litinin ya buɗe."

"In na faɗi haka na ba da mabuɗi ke nan."

"Ƙarfe ne fa, Arlo."

Ya dube ta. Shekara arba'in suna tare, ta san ba ƙarfe ba ne a wurinsa. Ta sake shi, ta fita ta ce wa matan da ke kusa su ja baya, su ja yaransu.

Arlo ya je ya kawo tsohuwar a-kori-kurarsa da baya-baya har ƙofar rumfa. Ya zura sandar ƙarfe a tsakanin ƙafafun sitiyari, ya ɗaura sarƙar jan mota a bakin sandar, ya ɗaura ɗaya bakin a motar. Dabarar ita ce ya ja a hankali, sanda ta juya, sitiyari ya bi. Da ya yi a hankalin, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ya hango Mista Sorensen yana mai da littafi aljihu, sai ya leƙo ta taga ya ɗaga malafa ya ce, "Kowa ya dubi sama," ya take totur har ƙasa.

Sitiyari bai juya ba. Bututun ne ya rusuna gaba ɗaya, ya kwanto wajen titi. Bangon gaba na rumfar ya biyo motar har da ƙofa da kwaɗonta, rufi ya zauna, kan famfon ya ɓalle ya bi titi yana tsalle a bakin sarƙa. Ruwan bai fito nan take ba. Har fiton maƙabarta ya ɗauke.

Abin da ya fara isa ga jama'a kokwamba ce. Ta zo da gudu a kwance, ɗari-ɗari, tana dukan huluna da tabarau. Sannan Tsartau ya biyo, azumin kwana tara a cikinsa, bai tashi sama ko ƙafa huɗu ba. Ya share teburan abinci tun daga kaza har kek, ya ratsa ta tsakiyar 'yan badujala, ya shiga koriyar mota ta wannan taga ya fita ta waccan, ya ɓalle ƙofar shagon aski, ya fita ta tagar baya da tawul-tawul da kujera ɗaya. Harlan shi ne na ƙarshe da ya san abin da ake ciki, domin shi kaɗai ya bi umarni yana kallon sama, har ruwan ya kwashe masa ƙafafu.

Arlo ya diro daga mota. Wani mutum da ya ga wannan sai ya nemi ramin shiga, shi kuwa sai ya fara taku a gefen ruwan yana ƙirga da ƙarfi, tun daga bakin bututu har bayan shagon aski. Ya dawo a guje, malafa ta tafi, farar riga ta koma ja.

"Ƙafa ɗari da sittin. A kawo ma'auni a gwada. Ya wuce rumbu da ƙafa ashirin."

Lorna tana tsaye, gashinta ya manne a fuska, da ɓallin kokwamba a kafaɗa. "Cewa ka yi za ka ɗaga shi."

"Tsawo dai tsawo ne, Lorna. Mutum in ya kwanta gajarta yake yi? Harlan, kai ne shaida. Ya wuce ko bai wuce ba?"

Harlan na zaune a cikin ruwa har ƙugu, yana kallon kujerarsa tana tafiya. "Ya wuce ta shagona. Wannan kam na shaida, ko a gaban alƙali."

Mista Sorensen ya matso, ja tun daga kai har takalmi. Ya buɗe ƙofar motarsa, ruwa ya zubo da kokwamba uku da hular wani mai busa. Ya rufe ta a hankali. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, ya goge tabarau da yatsa ya ce, "Mista Tingey, na ga yadda yake farawa. Ƙarfe nawa yake tsayawa?"

Duk garin ya juyo ya dubi Arlo. Arlo ya dubi bututu, ya dubi sitiyarin da ke kwance a tsakiyar titi, ƙafa hamsin daga inda zai yi amfani. Ya buɗe baki, kuma a karo na farko tun da muka san shi, ba abin da ya fito.

Lorna ta miƙa hannu.

Ya kai hannu ƙugu. Sarƙar ta ƙi kwantuwa, sai da ya yi ta fama. Da ta fita ya riƙe mabuɗin a tafin hannu, ya nuna mata ƙofar rumfar da ke kwance a bayan motarsa, kwaɗon na lilo.

"Ƙofar ma babu, Lorna. Ba abin da zai buɗe miki. Ki bar mini shi."

Dariyar da ta fara tashi a baya ta mutu. Lorna ba muguwa ba ce. Amma ta dubi titi, ta dubi shagon Harlan, ta dubi mata suna tsintar kwanukansu a cikin kwata.

"A gaban kowa ka faɗa, Arlo."

Ya sa mata a hannu. Nelda ta zo ta kama shi ta gwiwar hannu, suka bi gefen ruwa suka tafi gida, ɗamararsa ba ta kacau-kacau.

Kwana goma sha ɗaya Tsartau ya yi yana aski a shagon Harlan kafin masu gyara daga birni su shawo kansa. Har yau babban titinmu ja ne daga kantin magani zuwa gidan mai. Bayan wata guda takarda ta zo daga ofishin hanyoyi: an amince da allo, da sharaɗi ɗaya a ƙasa wanda aka ja wa layi biyu, cewa kada hannun ɗan Adam ya ƙara taɓa famfon. Aka gina ɗakin siminti ba taga, aka sa na'urar a ciki. Tana buɗewa a kan awa, ƙafa saba'in, ba ƙari ba ragi.

Mako uku Arlo bai fito ba. A na huɗu muka gan shi a benci da sassafe, ya yi aski, ya sa malafa. Motoci sun dawo, baƙi sun taru. Saura kaɗan awa ta cika sai ya miƙe, ya gyara murya, ya ce musu, "Shekara ashirin da biyu na yi ina horar da shi. Yanzu ba na ma taɓa shi." Ya saci kallon agogon hannunsa, ya ɗaga hannu sama a hankali, ruwa ya tashi. Baƙi suka tafa.

Haka yake yi har yau, kowace awa muddin akwai baƙi, kuma bai taɓa kuskure ko da daƙiƙa ɗaya ba, mutumin da a da rabin awa ba ta dame shi. Harlan ne ya gano dalili. Kullum da sassafe kafin Arlo ya gama wanka, Nelda kan ɗauki agogonsa daga kan tebur, ta tako har bakin shinge, ta jira tashin farko, ta daidaita shi da na'urar, ta mayar inda ta ɗauka. Harlan ya gan ta ta tagar shago, ta gan shi ya gan ta. Wannan ne labari ɗaya tak da ya shiga shagon askin nan bai kai kunnen Arlo ba.